Itatuwan Gawo na Gonar Yayata

Ni dillalin gawayi ne, kuma ban taɓa ɓoye sana'ata ba. Da jaki na fara, ina ɗauko itacen girki daga ƙauyukan Gagarawa ina kawo wa masu abincin sayarwa a Gumel. Daga jaki na koma amalanken shanu, daga nan na sayi a-kori-kura. Yau ina da rumfa babba a bayan tasha, ina loda wa manyan motoci kaya zuwa Kano da Haɗeja, ranar Alhamis kuma ina kai wa masu tsire da masu shayi na kasuwar Maigatari. Ba wanda ya ɗora ni a kan wannan hanya. Na dai lura tun da wuri cewa kananzir ya fara gagarar talaka, gas ya fara gagarar ma'aikaci, ita kuwa tukunya ba ruwanta, dole a ɗora ta kullum.

Wanda ya daɗe a harkar nan ba ya buƙatar buɗe buhu. Ɗaga shi zai yi ya ji nauyinsa, ya girgiza ya ji ƙararsa. Gawayin ƙirya ƙara yake yi kamar an haɗa ƙarafa, shi maƙera suke so, kuma shi muka fara sayarwa har ya ƙare a ƙasarmu. Ban san ranar da ya ƙare ba. Na dai zauna wata rana na tuna an yi shekara biyu ba a kawo mini ko buhu ɗaya ba. Sai aka koma marke. Bayan marke, aduwa da bagaruwa. Daga baya aka fara kawo mini tsamiya da kanya, itatuwan da muke hawa muna yara mu ci 'ya'yansu har haƙoranmu su mutu. Kowace shekara buhun yana ƙara sauƙi a hannu, masu kawowa kuma suna ƙara nisa.

Ni ba na ƙonawa, saye nake yi. Amma na sha tsayawa a kan masu yi. Su daddatsa itacen su jera shi tsibi guda, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, su rufe da ciyawa, su bi da ƙasa, su bar 'yan kafofi. Su cinna wuta ta ƙasa su koma gefe suna kallon hayaƙi. Da fari fari ne, mai kauri, mai wari. Idan ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, sai su toshe kafofin, su bar wutar ta cinye kanta a ciki. Bayan kwanaki su tone. Abin da ake bari a wurin baƙin da'ira ne a ƙasa, wanda ko ciyawa ba ta son fitowa a kansa. Idan ka bi hanyar ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar za ka riƙa ganinsu nan da can.

Akwai ƙa'ida a ƙasarmu, kowa ya san ta. Ɗanyen itace ba a sare shi. Mai unguwa ba zai yarda ba, malamin daji ba zai yarda ba, shi ma mai gonar abin kunya ne a ce ya sayar da inuwar da ubansa ya bar masa. Amma idan itace ya mutu da kansa, magana ta canza. Malamin daji ya zo ya ƙwanƙwasa ya ji ya bushe, ya ce a cire. Mai gona ma har godiya yake yi wa wanda zai kwashe masa, don kada reshe ya faɗo wa wani. To, a shekarun nan itatuwa sun koyi mutuwa da kansu da yawa. Ni na san dalili, sauran dillalai ma sun sani. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

Cikin duk itatuwan, gawo ne aka fi jin nauyin taɓawa. Wanda ba manomi ba ba zai gane ba. Shi gawo halinsa daban: da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi ya tsaya tsirara, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar ya zama taki. Da kaka, idan komai ya fara bushewa, sai shi ya yi kore shar, ya riƙe ganyensa duk rani, ya zubo da 'ya'ya waɗanda dabbobi ke so kamar me. Shanu su kwana a ƙarƙashinsa su bar taki. Ka duba geron da ke gindin gawo, ka duba na nesa da shi, kamar ba iri ɗaya aka shuka ba.

Yayata tana da gawo tara a gonarta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni ne auta, kuma ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu. Ta yi aure a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, ba nisa da kan iyaka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajen mazajensu, ta ce ba inda za ta. Na yi da ita ta dawo Gumel, na ce ga ɗaki na gina mata, har da fanka. Ta ce, "Auta, in zo in zauna ina kallon bango? Ina da gona, ina da rumbu, ban taɓa roƙon kowa tsaba ba." Gaskiyarta. Gonar tana bakin rairayi, gabas da ita fili ne fetal, amma itatuwan nan tara sun tsaya a jere ta wannan gefen, su suke karya iska. Abin da take ci, da abin da take yi wa jikoki hidima, da ƙarfin da take ce wa kowa a'a, duk daga gonar nan suke.

Wata bazara, ana jiran ruwan fari, wani mai ƙona gawayi da nake saye a hannunsa shekaru ya zo rumfata. Mutumin wajen Gagarawa Tasha ne, gajere, mai 'ya'ya da yawa, ba ya ƙarya a ma'auni, ba ya zuba ƙasa a gindin buhu. Na yi masa ƙorafi a kan kayan da ya kawo.

Na ce, "Malam, wannan gawayi ne ko toka ce aka ɗinke a buhu?"

Ya ce, "Alhaji, abin da daji ya bayar ke nan. Kai ma ka san dajin ya koma ƙirare."

"Masu tsire za su kore ni daga Maigatari."

Ya matso kusa ya rage murya. "Ka yi haƙuri zuwa kaka. Akwai manyan itatuwa da za su samu. Gawo ne, amma tsofaffi, masu jiki. Mota biyu ba za ta kwashe ba."

"A ina?"

"Arewa da Sule Tankarkar."

"Sun mutu?"

Ya yi murmushi yana kakkaɓe hularsa. "Za su mutu, in Allah ya yarda."

Ba yaro ba ne ni. Mutum ba ya sanin ranar mutuwar itace tun wata biyar kafin ta zo, sai in da hannunsa a ciki. Na kuma ji ya ce arewa da Sule Tankarkar. Abin ya taɓa ni, amma na ce wa kaina ƙauyuka nawa ne a wannan yankin, gonaki nawa? Tambaya ɗaya ta rage, gonar wa, kuma ban yi ta ba. Na ce masa, "Allah ya kai mu." A sana'armu wannan amsar cinikin ce gaba ɗaya.

Akwai wata mai abinci da ke sayen buhu a wurina duk mako. Kirista ce, mutuniyar can tsakiyar ƙasa, mijinta malamin asibiti ne aka kawo shi aiki ya zauna. Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Madam muke ce mata. Kwana kaɗan bayan zuwan mai ƙona, ta zo ta ɗaga buhu da hannu ɗaya ta dube ni.

"Alhaji, gurasa ka koma sayarwa?"

Na ce, "Madam, ƙarfi ne ya ƙaru miki."

"Uhm. A garinmu gawayi daga ƙarƙashin ƙasa ake fito da shi. Kwal. Ɗan dunƙule kamar hannunka sai ya dafa wake."

"To ki haɗa ni da mutanenku mana, in riƙa kawowa."

Ta ajiye buhun. Ta zauna a kan bencina, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce tun tana yarinya mazan garinsu suke huda gefen tudu, su shiga da rarrafe da fitila, su tokare ramin da gungumai, su fito da kwal a kwando. Wani lokaci ramin ya rufta, a yi kuka, bayan mako a koma. Daga baya wani kamfani ya zo da katafila. Su ba sa rarrafe. Ƙasar suke yayewa gaba ɗaya daga sama, gona da daji da komai, su tara ta gefe kamar dutse, su fasa abin da ke ƙasa da nakiya. Bangon gidaje ya riƙa tsagewa. Ramin ya cika da ruwa mai launi, wanda tsuntsu ba ya sha. Rafin da suke wanki ya koma ja kamar tsatsa, sabulu ya daina kumfa, kifi ya taso ciki sama.

Na ce, "Ba ku yi magana ba?"

"Wa zai yi? Ƙanena yana tuƙa musu mota. Kawuna yana gadi. Ni kaina a bakin ramin na fara sayar da shinkafa da wake, da kuɗin wurin na yi kayan aure." Ta murza bakin zanenta. "Ka san abin da ya fi ba ni tsoro, Alhaji? Babu ranar da za ka nuna ka ce yau garin ya lalace. Kullum gari ya waye kamar jiya. Sai da babata ta tashi ɗebo ruwa ta yi tafiyar da ta fi zuwa kasuwa, sannan muka duba muka ga ba sauran abin da za a zauna dominsa."

Ta miƙe ta ce a ɗora mata buhun a babur. Ta saya, kamar kullum. Ni ma na sayar.

Ruwa ya sauka. Cikin marka na je gaishe da Yaya, na kai mata sukari da sabulu. Gero ya kai ƙirji, wake ya bazu. Ta ja ni gona don in gani, tana gaba da fartanya a kafaɗa, tana yi mini gori.

"Ka ga abin da tsohuwa ta yi. Kai da ƙaton cikinka ko kunya guda ba za ka iya kaiwa ƙarshe ba."

Na yi dariya, amma idona yana kan itatuwan. Suna nan su tara, ba ganye ko ɗaya, rassa farare sun miƙe sama. Haka gawo yake da damina. Na maƙwabta ma haka suke. Wanda aka kashe da wanda ke barcinsa ba ka iya rabe su da ido a wannan lokacin, kuma masu ƙona sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa suke yi wa gawo aikinsu a bakin damina. Wata huɗu cur mai gona yana wucewa ta gindin gawa yana yi mata kallon mai rai.

A kan hanyar shigowa ƙauyen na ga baƙin da'ira biyu sababbi. Na tambayi Yaya ko masu gawayi suna zuwa nan.

Ta ce, "Sun zo da bazara. Wani gajere da mutanensa. Sun kwashe wata tsohuwar aduwa da ta faɗi a bayan gari. Mutanen kirki, har ruwa na ba su. Sun huta a inuwar gawona."

Na tsaya a gindin gawon farko. Rairayin wurin lumui, ciyawa ta fito a kai. Da zan sa ƙafa in ture ƙasar, tsawon tafin hannu kawai, da na sani. Fartanya ma tana nan a kafaɗarta. Na dubi wurin, na dube ta, na ce rana ta yi, mu koma. Na faɗa wa kaina cewa in an yi an riga an yi, tonawa ba za ta mayar ba, in kuwa ba a yi ba, don me zan tayar mata da hankali? Lissafin daidai ne. Amma ba shi ne dalilin ba. Ba na son sani ne kawai.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo daga wajensu sai in tambaye shi labarin amfanin gona, in zagaya in zagaya in ce, gawo ya fara toho? Su ce, Alhaji, da sauran lokaci. Na san da sauran lokaci. Ina tambaya ne dai.

Aka yi girbi. Yaya ta samu dami mai yawa a shekarar, ta aiko mini da sabon gero da wake. Iska ta juya, ciyawa ta bushe. A hanyar Maigatari na fara ganin gawo yana yin kore, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kunna su. Mako biyu, mako uku. Ban ji komai daga ƙauye ba, ban kuma je ba.

Wanda ya zo shi ne Bafulatanin da ke sauka a gonarta duk rani da shanunsa. Shekara da shekaru haka suke: shanunsa su ci kara da 'ya'yan gawo, su bar mata taki, matarsa ta riƙa kawo mata nono. Mu Mangawa ne, tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni, don haka bai taɓa shigowa rumfata ba tare da ya zage ni ba. Ranar ya tsaya a bakin rumfa da sandarsa a wuya.

Na ce, "A'a, bawana ya zo gaishe da ubangijinsa. Ina nonon?"

Ya ce, "Bamange, baƙin jikinka ya ishe ka, ka ƙara da gawayi." Amma bai yi dariya ba. Ya ce, "Tashi mu je. Akwai abin da za ka gani."

Muka hau mota muka wuce Sule Tankarkar. Sannan ya ce shekaranjiya ya kawo shanu, suka je gindin gawo suka tsaya suna shinshina ƙasa, ba ko ƙwaya. Ya ɗaga kai, ba ganye. Ya dubi gonar yamma, kore shar.

Da muka isa, bai bi ta gida ba, gona ya nufa da ni. Daga nesa abin ya fito fili. Duk faɗin karkarar, gawo ya yi ganye, sai layi ɗaya na itatuwa tara da suka tsaya fari fat. Ya durƙusa a gindin na farko ya tona da sandarsa. Ƙasa da rairayin kaɗan, an zagaye itacen da gatari, an cire ɓawon, an shiga cikin naman itacen sosai. A cikin saran an zuba baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji. Har lokacin yana wari. Aka mayar da ƙasa aka shafe. Ya tona na biyu, haka. Na uku, haka. Na ce ya bari.

Ya ce, "Kai ne mai gawayi. Ka san masu wannan aikin."

Na ce, "Na sani."

Ya miƙe ya kakkaɓe sandarsa. Ya ce, "Ni zan wuce da shanuna gaba. Ba don na ƙi tsohuwa ba. Ba abin da za su ci."

Washegari da hantsi na sami mai ƙona a bakin aikinsa, wajen Gagarawa, yana toshe kafofin wani tsibi da shebur. Ya ganni ya washe baki.

"Alhaji da kansa! Kayan nan sun kusa. Jibi nake shirin zuwa in yi wa mai gonar magana. Wata tsohuwa ce, ba za ta yi wuya ba."

Na ce, "Malam, gonar wa ce?"

"Yau kuma tambayar gona ake yi?"

"Yayata ce. Ciki ɗaya. Ita ta goya ni."

Ya saki shebur. Ya dafe kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, wallahi tallahi ban sani ba. Ka yarda da ni. Da na sani, da na tsallake ta na yi ta gaba."

Na zo da maganganu a bakina, na zo da niyyar kai shi gaban mai gari. Wannan kalmar ta kwance ni. Gaskiya ya faɗa, iyakar gaskiyarsa. Da ya tsallake ya yi ta gaba, da na loda kayan na kai Kano ina murna da nauyin buhu. Kuma in na kai shi gaban mai gari, tambayar farko ita ce wa yake sayar wa.

Ya ce, "Shekara nawa ina kawo maka, ka taɓa cewa daga ina? Ka ce kana son mai nauyi. Ni ina da bakuna goma sha ɗaya a gida, Alhaji. Dajin ya ƙare. Sauran na gona."

Na ce kada ya sake taka ƙauyen. Ya ce to. Iyakar hukuncin da na iya yi ke nan.

Na koma wurin Yaya. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Bafulatanin ya riga ya nuna mata. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, ba ta fasa aikinta ba.

Ta ce, "Ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"Mutanen da na ba ruwa."

"Su ne."

"Ka san su?"

Zan iya cewa a'a, kuma da ta yarda. Na ce, "A hannunsa nake saye. Tun bazara ya ce mini akwai gawo arewa da Sule Tankarkar da zai samu da kaka. Ban tambaye shi gonar ba."

Taɓaryar ta tsaya. "Auta, kai ne?"

"Ba ni na sara ba. Amma ni aka sara wa."

"Da ka zo da marka, ka tsaya a gindinsu kana kallon ƙasa. Na ɗauka ciwon ƙafarka ne."

Ta ci gaba da sussuka, a hankali, har ta gama turmin. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na ce zan kawo dashen darbejiya ɗari in sa a dasa, in sa a yi shinge. Ta ce, "Uban mijina ya tarar da su manya. Shekarata nawa kake gani ta rage?" Sai ta ce, "Ba zan sayar ba. Ba kai ba, ba wani ba. Su tsaya a nan kowa ya riƙa gani."

Suka tsaya. Na kawo dashen duk da haka, na sa aka riƙa ba su ruwa, awaki suka cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Ranin nan ba saniyar da ta kwana a gonar. Ɓawon itatuwan ya riƙa ɓamɓarewa yana faɗowa, ƙananan rassa suka karye, mata suka tsince. Itace mara ganye ba ya tare iska, ta cikinsa take wucewa.

Damina ta zagayo. Aka yi ruwan shuka, Yaya ta shuka. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa. Sai hadari ya taso daga gabas da la'asar, irin mai iska kafin ruwa. A da, iskar tana zuwa ta daki itatuwan ta rage ƙarfi. Wannan karon ta shigo kai tsaye da rairayin filin nan a bakinta. Da safe rabin gonar ba ka ganin ko layin shuka, sauran kuma rairayi ya yanke tsiron kamar an bi da reza. Ta sake shuka. Bayan kwana goma sha wani abu, aka sake yin irin ta. Karo na uku ni na aika da iri daga Gumel, ban ce daga wurina yake ba, na ce wa mai kaiwa ya ce daga surukinta. Ta shuka. Ya fito, amma lokaci ya ƙure, ƙasar kuma ba taki. Abin da ta girba bai rufe gindin rumbu ba.

Ban sake yi mata maganar Gumel ba. Ita ta aiko, bayan kaka, ta ce in zo da mota.

Kayanta ba su da yawa: gado, akwati biyu, tukwane, turmi, kaji a kwando. Maƙwabta suka taru suna taya lodi. Maƙwabcinta na yamma, dattijo ne, ya ja ni gefe ya nuna mini kan iyakar gonarsu. Rairayi ya haye shingen ya shiga kunyoyinsa na farko. Ya ce, "Alhaji, da gonarta ce ke tare mini. Yanzu ni ne a baki." Bai ce komai a kan sana'ata ba. Ya san ta sarai.

Yaya ta fito daga ɗaki da fartanyarta, ta miƙa wa matar dattijon.

Matar ta ce, "Haba Yaya, ki riƙe abarki. Ai za ki dawo da damina."

Ta ce, "Karɓi. Me zan yi da ita a can? Siminti zan nome?"

Ta shiga gaban mota ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Hanyar fita daga ƙauyen ta bi ta gefen gonar. Shekara ashirin ina bin ta, ƙasa ce mai tauri, ko da damina ba ta riƙe mota. Muna kaiwa daidai itatuwan, tayoyin baya suka nutse. Na ba da wuta, suka ƙara shiga. Na fito, maza suka zo da shebur da kara, muka durƙusa muna tona rairayi daga ƙarƙashin motar muna shimfiɗa karan. Mun fi awa guda a wurin. Yaya ba ta sauko ba, ba ta kuma juya ta dubi gonar ba. Da motar ta fita na shiga ina haki, rigata duk ƙasa, sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ka ja a hankali, Auta. Akwai ƙwai a cikin kwandon."